Ƙofar Baya ta Kogon Garinmu

Jiya maƙwabciyata a nan garin Isa ta jiƙa farar ƙasa za ta shafe bango, warin ya biyo iska ya shigo mani ɗaki. Wallahi sai da na aje tsintsiya na zamna. Warin kogon garinmu ke nan sak, na dutse mai laima, kashin jemage kawai ya rage.

Kai da ba ka san wajen ba, ƙauyenmu na tsakanin Isa da Sabon Birni, kogon kuma na bayan gonaki, cikin wani tudu na farin dutse. Da bazara, in rana ta gasa mutane, cikinsa sanyi kamar randa. Baƙi kan zo kallo tun daga Sakkwato, 'yan makaranta da malamansu, wani sa'in har fataken Nijar. Kakana, mahaifin babanmu, shi ke shiga da su. Dattijo ne siriri mai tsiya da ban dariya. Ya riƙe fitilar ƙwai, ya nuna masu duwatsun da sunka zubo daga sama kamar nonon saniya, ruwa na ɗiga daga bakinsu. In wani ɗan birni ya firgita da jemagu, sai ya ce, "Haba Alhaji, kai da ka hau jirgi?"

Ni ce 'yar lelensa, don haka ni kaɗai cikin jikoki ya nuna wa abin da bai nuna wa baƙi. Wata rana da hantsi munka shiga kwasar kashin jemage don takin gero. Muna can ciki sai ya hure fitila. Na ƙwala ihu, na ƙanƙame masa riga.

"Bar kuka, matsoraciya," in ji shi. "Lashi yatsanki ki ɗaga sama. Wane gefe ya yi sanyi?"

Na ce hagu. Ya ce to in bi sanyin. Na yi ta rarrafe, ina lasa ina ɗagawa, har na ga ɗan haske. Wani tsukukun rami ne, bakinsa na bayan tudun, cikin sabara. Na kutsa na fita, dutse ya kankare mani kafaɗa, tabon na nan har yau. Shi kuwa sai da ya koma ya fito ta babbar ƙofa, don ramin bai ɗaukar babba. Ya iske ni ina kuka ina dariya, ya saya mani ƙuli-ƙuli.

Kaka ya rasu tun kafin garinmu ya lalace, kuma na yi masa murna. Baƙi sun daina zuwa. Mu kanmu mun daina leƙa bayan gonaki, tun da 'yan bindiga sunka mai da dajin nasu. Shi ya sa ɗiyata, ita ɗaya da Allah ya bar mani, ba ta taɓa sa ƙafa cikin kogon ba. Labari kawai take ji. Ina yi mata kitso ina faɗi, ina sussuka ina faɗi, har ta kan ce, "Inna, don Allah! Lashi yatsa, bi sanyi. Na haddace."

Da damanar bana anka kwashe ta a gona, ita da wasu mata, suna cirar ciyawa. Mu da munka rage munka gudo nan. Wani tsoho da sunka sako saboda ciwon ƙafa ya zo har ɗakin nan ya gaya mani inda anka aje su: cikin kogon. Ya ce masu gadi na zama bakin ƙofa, ba su shiga can ciki, warin jemage ya hana su. Na tambaye shi ko sun san da wata ƙofa. Ya ce shi dai bai ji ba.

Tun ranar ban da wani tunani. Ta tuna? In ta tuna, za ta iya rarrafe cikin duhun nan ba kowa riƙe da ita? Ni a wancan lokaci ina da rigar Kaka a hannu. Ita wa take da shi?

Abin da ke cin raina ma ba wannan ba ne. Ni ina 'yar ƙarama na bi ramin, kuma sai da ya ci mani fata. Ɗiyata budurwa ce cikakka, mai jiki. Ni na ciyar da ita haka, da fura da nono, ina hana cikina in ba ta. Mata na yi mani ba'a wai na yi kiwo, ni ko ina jin daɗi.

Tsohon ya ce abinci sai ɗan abin da anka jefa masu, wata rana ma babu. Matan da ke wurin sunka fashe da kuka. Ni kuwa, Allah ya gafarta mani, na kama hannunsa na ce, "Baba, ta rame? Gaya mani gaskiya, ta rame sosai?"

Ya dube ni kamar mahaukaciya. Bai san ramin ba. Kowace uwa a unguwar nan roƙonta Allah ya ciyar da ɗanta a daji. Ni kullum in na ɗaga hannu bayan salla, roƙona ya Allah ka rage mata kafaɗa.