Komar Kawu

Jiya na wuce wani gidan abinci a unguwar Sultana ta Madina ana soya jambari, wato jatan lande, sai ƙamshin ya tuno mini Kawuna. Tun yana saurayi yake kamun jambari a garin Yanbu da ke bakin teku, har shekarar da aka ƙi sabunta masa lasisi, wai jirginsa ya tsufa. Ya dawo wurinmu a Madina. Kullum da hantsi yakan shimfiɗa komarsa mai warin gishiri a falo, yana ɗinke ta.

Wata rana na ce, "Kawu, anya za su sake ba ka lasisin?"

Bai ɗago ba. "Ba za su ba ni ba, ɗana. Hannun ne ya ƙi yarda ya bar ɗinkin."

Bai sake ganin teku ba. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa.