Dukan da Na Ji a Kuala Lumpur

Litinin: Funtuwa zuwa Kano

Da sunan Allah na fara. Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na bar ƙofar gidana a Funtuwa, a motar Garba direba, da jaka ɗaya da ƙullin kuka da daddawa da matata Hajiya ta ɗaure wa ɗanta. Mun yi sallar asuba a Malumfashi, muka bi ta Dayi da Gwarzo. Tafiyar kilomita wajen ɗari da saba'in ce, shingen jami'an tsaro biyar. A na ukun wani ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa da sanyin nan?" Garba ya ce, "Maleshiya." Ya dubi tayoyinmu ya ce, "A wannan motar?"

Gara in faɗi abin da ya kai ni tun yanzu. Shekara goma sha uku da suka wuce ɗana Nasiru ya zo hutu daga jami'a da wani littafi mai hoton gunki a zaune ya tanƙwashe ƙafa. Wani maƙwabci ya gani ya kawo mini magana. Ban tambayi yaron komai ba. Na zaro bel ɗin injin niƙa na doke shi a ƙofar shagona, a gaban jama'a, na ƙone littafin. Tun ranar kunnensa na hagu bai ƙara ji sosai ba. Ashe darasin kwatanta addinai aka sa su. Ya gama, ya samu tallafin karatu, ya tafi Maleshiya, shekara shida bai tako gida ba, kuma da uwarsa kaɗai yake waya. Bara korona ta kwantar da ni kwana goma sha tara da robar iska a hanci. Da na tashi na ce wa Hajiya ta gaya masa ina son zuwa. Amsarsa kalma biyu ce: "Ya zo." Gafararsa na tafi nema, ban kuma san ko zan samu ba.

A filin jirgin Kano an duba katin rigakafina sau biyu, da takardar lafiya da Nasiru ya cika mini a waya. Mun tashi da yamma.

Talata: Doha zuwa Setapak

Awa bakwai muka yi zuwa Doha, muka jira awa uku, muka ƙara awa bakwai da rabi. Takunkumi bai bar fuskata ba sai lokacin cin abinci, har bayan kunnena ya yi tsami. Mun sauka Kuala Lumpur ƙarfe uku da rabi na yamma agogon can, wanda ya riga namu da awa bakwai.

Da idonsa na gane Nasiru, don shi ma da takunkumi. Ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ya hanya?" Ya karɓi jakar. Iyakarta ke nan. Ya kira mota ta waya, muka yi awa ɗaya da minti ashirin zuwa unguwarsu Setapak, ringit saba'in da biyar a kuɗin can. A motar ya zagaya ya zauna ta haguna, don kunnensa mai kyau ya fuskance ni. Na gani, na kau da kai ina kallon itatuwan kwakwar manja.

Gidansu a hawa na goma sha ɗaya yake, ɗaki biyu. Matarsa Rukayya ta yi mini tuwon shinkafa. Jikata Amira, mai shekara huɗu, ta tsaya daga nesa tana leƙena. Na ce, "Amaryata, ba za ki kawo wa angonki ruwa ba?" Ta dubi uwarta ta ce, "Boleh?" Wai da yaren can tana tambaya ko an yarda. Rukayya ta ce, "Baba, sai ka fara koyon Malayanci kafin a kai kuɗin gaisuwa."

Laraba da Alhamis: a gida

Kwana biyu ina neman bakin zaren. Nasiru bai rage ni da komai ba. Shi ke kawo mini shayi, shi ke jan mu salla a ɗan masallacin da ke ƙasan ginin, amma da na buɗe baki sai ya tuna wani aiki. Ladabi ya sa ya yi katanga, ni kuwa ban iya tsallaka irin wannan ba.

Daga Rukayya na ji cewa digirinsa na uku a kan addinin Buda ne da yadda ya bazu a ƙasashen Asiya. Kullen korona ya tsayar da shi kusan shekara biyu, don an rufe wuraren ibada, sai yanzu yake ƙarasa hira da malamansu. Ranar Asabar yana da ziyara uku. Na ce zan bi shi. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Akwai gumaka a can, Baba." Na ce na sani.

Asabar da safe: ɗakunan ibada biyu

Mun fita ƙarfe bakwai da rabi, muka hau jirgin ƙasa mai bin sama daga tashar Wangsa Maju, babu direba a cikinsa, minti ashirin da biyar zuwa tsakiyar gari. A nan Nasiru ya fara magana mai tsawo a karo na farko, amma irin ta malami da ɗalibi.

Ya ce shi Buda ɗin ɗan sarki ne, an haife shi a kan iyakar Indiya da Nefal shekara wajen dubu biyu da ɗari biyar da suka wuce. Ubansa ya killace shi a fada don kada ya ga ɓacin rai. Da ya fita ya ga tsoho, ya ga marar lafiya, ya ga gawa, sai ya bar sarauta ya shiga daji neman dalilin wahalar ɗan Adam. Ya gwada azabtar da jikinsa da yunwa, ya ga ba ta kai shi ko'ina ba, sai ya zaɓi tsaka-tsaki. Buda ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka.

Ɗakin ibada na farko na Sinawa ne, a kan tudu, ja da ruwan zinariya, hayaƙin turare kamar ana ƙona bola. A ƙofa wata tsohuwa ta auna zafin goshinmu ta fesa mana sinadari a hannu. Na cire takalmi, ban rusuna wa komai ba, ba wanda ya ce in rusuna. Na tambayi Nasiru yadda abin Indiya ya zama na Sinawa. Ya ce fatake, Baba. Ayarin raƙuma ya bi da shi ta hamada zuwa Sin, daga can Koriya, daga can Japan, wani reshe ya hau duwatsun Tibet. Wannan na gane shi ba sai an maimaita ba, don kakana bafatake ne, kuma mun ji yadda addini ya iso ƙasar Hausa a cikin kayan fatake.

Na biyu na mutanen Tailan ne, a Petaling Jaya, minti ashirin a mota. Rufinsa mai tsini, malamansa da mayafi ruwan goro, kansu a aske. Nasiru ya ce wannan reshen kudu ne. Wani sarkin Indiya ya yi yaƙi ya kashe mutane ba adadi, abin ya dame shi, ya ajiye takobi ya aika masu wa'azi har tsibirin Siri Lanka, kuma koyarwar da aka tsare a can ita Bama da Tailan suke bi. Ya ce ko a arewacin Maleshiya akwai kufan irin waɗannan gine-gine tun kafin zuwan Musulunci. Na ce, "Shi sarkin, waɗanda ya kashe sun dawo?" Ya ce, "A'a." Muka yi azahar a wani masallaci kusa, muka ci shinkafa da kaza a shagon Indiyawa Musulmi da ake ce wa mamak, ringit tara kwano.

Asabar da yamma: Brickfields

Ƙarfe uku muka isa na uku, na mutanen Siri Lanka, a unguwar Brickfields. Malamin da Nasiru zai gana da shi tsoho ne sa'ana, siriri, da takunkumi kalar mayafinsa. Aka ba mu kujeru a baranda, tsakanin kowace da kowace taku biyu, muna hangen babban mutum-mutumin Buda a ciki. Da Turanci suke magana. Ni aji bakwai na yi a firamare, ga takunkumi yana cinye rabin kalma, don haka na zauna ina jan carbi a aljihu.

Can sai na ji malamin ya ce, "Duka." Na ɗaga kai. Ya sake cewa "duka", ya dube ni, ya dubi Nasiru, Nasiru ya gyaɗa kai. Jim kaɗan sai malamin ya ɗaga hannu ya kama kunnensa na hagu ya ja.

Na ce a raina, wato yaron nan ya kwashe sirrin gidanmu ya kai wa mai bautar gunki, har ya koya masa kalmar da Hausa, ya kuma kawo ni a zaunar da ni a yi mini shari'a. Tsohuwar zuciyar nan ta taso mini. Sai kuma na tambayi kaina, to ƙarya ya yi? Na miƙe tsaye na cire takunkumin.

Na ce, "Nasiru, gaya masa ba sai ya yi ta zagaye-zagaye ba. Ni ne. Ni na doke ka, da bel ɗin inji, a gaban mutane, ba ka yi laifin komai ba. Kunnen nan ni na kashe shi. Fassara masa."

Nasiru ya saki biro. Malamin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi wata tambaya a hankali. Nasiru ya ba shi haƙuri, ya kama hannuna, ya fitar da ni gindin wata babbar bishiya mai kama da gamji a tsakar wurin.

"Baba, wane duka?"

"Wanda yake ta faɗa."

"Dukkha ya ce. Kalmarsu ce, ta tsohon yaren littattafansu. Wahala ke nan, rashin gamsuwa. Cewa yake tsufa dukkha ne, ciwo dukkha ne, shi ya sa ya dube ka, don ku biyu ne tsofaffi a wurin."

"Kunnen fa?"

"Tambayarsa na yi me ya sa ake yi wa mutum-mutumin dogayen kunnuwa. Ya ce nauyin 'yan kunnen sarauta ne da Buda ya cire ya bari." Sannan ya ƙara da cewa, "Ban taɓa gaya wa kowa ba, Baba. Rukayya ma ta ɗauka ciwon kunne na yi ina yaro."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "To, tunda na riga na yi abin kunya, bari in ƙarasa. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ba dukan ne ya fi ci mini rai ba. Ba ka tambaye ni ba. Ko sau ɗaya ba ka ce, Nasiru, mene ne wannan littafin?"

Na ce, "Yau na tambaya. Mene ne a ciki?"

Ya goge ido da bayan hannu, ya zauna a kan dakalin, ya gaya mini. Gaskiya huɗu suke koyarwa: akwai wahala, kwaɗayi ne tushenta, tana iya ƙarewa, kuma akwai hanya mai rassa takwas ta ƙare ta, ciki har da gyaran magana da gyaran sana'a. Mabiyansu suna ɗaukar alkawarin barin kisa, sata, zina, ƙarya da maye. Ba su da maganar Mahalicci, kuma sun yarda ana mutuwa a sake haihuwa. Ya ce, "Nan muka rabu da su, rabuwa mai nisa. Amma sai ka san inda mutum ya tsaya kafin ka san nisan da ke tsakaninku." Sannan ya ce, "Na yafe, Baba. Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Mayar da takunkuminka kada su ci mu tara."

Muka koma ya ƙarasa hirarsa. Ban san abin da ya gaya wa malamin ba. Da za mu tafi tsohon ya haɗa tafukansa, ni kuma na ɗora hannu a ƙirji.

Komawa

Na ƙara kwana tara. Da kaina na gaya wa Rukayya gaskiyar kunnen mijinta. Ta yi kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ban kuma ga laifinta ba. Ranar Litinin Nasiru ya raka ni filin jirgi, ya ce in Allah Ya yarda da ya kare digirinsa zai kawo su gida. Na sauka Kano Talata da rana, Garba yana jirana, muka shiga Funtuwa ƙarfe shida saura kwata.

Hajiya ba ta bari na zauna ba.

"Ka roƙe shi?"

"Na roƙe shi."

"Da bakinka, ko da kewaye-kewayen nan naka?"

"Da bakina, a tsaye, a gaban baƙo."

Ta dube ni ta ce, "To, zauna ka ci abinci."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tashe ni daga gadon asibiti, Ya kai ni, Ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Garba direba, da Rukayya da ta ciyar da ni ko a kwanakin da take fushi da ni, da tsohon nan na Brickfields wanda har yau bai san abin da ya yi mini ba.