Turken Kawu Mode

Kawu Mode yayan mahaifiyata ne. Shekarunsa sittin da biyu bana, in lissafin Inna ya yi daidai, kuma talatin da ɗaya daga ciki ya yi su ne yana dakon albasa a kasuwar Boɗinga. Gidansa na Sifawa, katanga ɗaya ta raba shi da namu. Wanda ya gan shi yanzu zai ga gajeren tsoho mai kaurin wuya, babu gashi a tsakiyar kansa. Ba sanƙo ba ne, buhu ne ya cinye wurin. Ba ya iya waiwaye sai ya juyo da jikinsa duka. Da muna yara mukan yi masa dariya a kan haka, shi kuma ya ce wuyan ne ya riga mai shi yin ritaya.

'Yan dakon Boɗinga suna da wata al'ada tun kafin a haifi Kawu. Duk shekara, in an gama lodin motar ƙarshe ta albasa, sai a bar buhu ɗaya a ƙasa, babban nan da mutum biyu ke ɗora wa na uku. Mai jin ƙarfi ya zo a ɗora masa, ya kama hanyar Shagari. Ba tsayawa, ba mai taɓa masa. Inda buhun ya taɓa ƙasa, nan ƙarfinsa ya ƙare. In ya wuce duk waɗanda suka riga shi, sai a kafa masa turken itacen ƙirya a gefen hanya, a daidai wurin. Gara ba ta cin ƙirya. Mutanen Shagari da na Mandera ma suna zuwa su gwada.

Turaku biyar ne a wurin lokacin da Kawu ya ɗauka, a 1994. Ya wuce na biyar, ya haye kwalbati, ya ƙara tafiya har mutane suka daina kirari suka koma salati. Matarsa, Goggo Hasiya, ta ce kwana uku ta yi tana gasa masa wuya da ruwan zafi, kuma ko cokali bai iya kai wa bakinsa ba. Dillalai suka ba shi rago da hula. An yanka ragon, hular tana nan cikin akwatinta.

Shekara ashirin da uku turken nan yana gaba, ba wanda ya ko kusance shi. Duk sa'ad da muka shiga mota za mu Shagari gidan ƙanwar Inna, sai ta miƙa hannu ta taga ta ce, "Ga turken kawunku can." Ba ta taɓa mantawa ba, ko da barci take ji. Mu ba mu da Alhaji a zuri'a, ba mu da mai sarauta, ba mu da babban ma'aikaci. Turken nan muke da shi. Da aka ce mu rubuta insha'i a kan gwarzonmu a aji uku na sakandare, shi na rubuta.

A 2017 wani saurayi daga Shagari ya wuce shi. Kawu da kansa ya riƙe masa turken ana bugawa, ya dafa kansa ya sa masa albarka. Amma daga nan abin ya lalace. Cikin shekara shida aka kafa turaku huɗu a gaban na Kawu, har da na saurayin nan. Abin da ƙarti suka kasa shekara ashirin, sai ga yara masu wuyan kara suna wuce shi suna dariya. Washegarin kowace gasa, in ka duba lambatun gefen hanya, fankon katin tramol ne birjik.

Mai turken ƙarshe sunansa Abdulaziz. Ranar da ya kafa nasa, buhun ya faɗi amma shi bai sani ba. Ya ci gaba da tafiya hannuwansa a sama, idanunsa jajur, sai da mutum uku suka riƙe shi. Kowa ya gani. Aka yi masa tafi.

Bara ne Bilyaminu, ɗan Mandera, ya ɗauka. Bai kai kwalbati ba ya fara karkarwa, ya faɗi yana kumfar baki, buhun ya sauko masa a gadon baya. Har yau bai sake takawa ba. Mahaifinsa ya zo Boɗinga ya zauna a ƙofar rumfar ƙungiyar 'yan dako kwana biyu, bai zagi kowa ba, yana dai tambaya waye zai gaya masa abin da ɗansa ya sha.

Shugaban ƙungiyar, Bashar, ya ga abin zai kai ga manya, sai ya tara mutane. Ya ce a tuge turakun duka, tsoho da sabo, a fara daga farko, tunda ba wanda ya san mai gaskiya a cikinsu. Wannan Bashar ɗin, ƙaninsa ne ke da shagon maganin da ke bayan tasha, kuma ba wanda bai san abin da ake miƙowa ta ƙaramar tagar shagon ba. Dattawa suka ƙi. Suka ce ba za a haɗa iyayensu da 'yan ƙwaya a zuba a rami ɗaya ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan rantsuwa. Waɗanda suka rasu a bar su da Allah, turakunsu su tsaya. Masu rai kuwa, kowa ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya ce ba abin da ya shiga cikinsa ranar sai abinci. Wanda ya rantse, nasa ya tsaya. Wanda ya ƙi, a tuge.

Da labarin ya iso gida, ni murna na yi. Na ce yanzu za a tuge huɗun nan, turken Kawu ya koma gaba. Ban yi zaton akwai ɗan Musulmin da zai dafa Alƙur'ani a kan abin da kasuwa guda ta gani da idonta ba.

Goggo ta wanke masa farar rigarsa, ta fito da hular nan daga akwati. Na ishe shi zaune a zaure yana gyaran igiya.

"Kawu, gobe sai mu ga masu jan ido."

"Ke, Zulai, wa yac ce maki za ki?"

"Da Goggo za ni."

"Ku zanka zama gida, kasuwa ba ta rasa mata ba."

Goggo ta leƙo ta ce, "Shekara talatin ina gasa wuyan ga, ka ce ba ni zuwa? Ko bisa jaki sai na tahi."

Bai yi dariya ba. Tuwon da aka kai masa ma kaɗan ya taɓa. Na ɗauka ciwon wuyan ne ya motsa.

Da hantsi aka taru ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban rumfar ƙungiya. Ni da Goggo muka tsaya can baya cikin mata masu fura, inda muke ji muna gani. Limamin masallacin kasuwa ya zo da Alƙur'ani a cikin gafaka, fuskarsa ba walwala. Ya daɗe yana jan kunne a kan rantsuwar ƙarya, ya ce wanda ya san akwai wani abu a ransa ya tashi ya tafi, ba wanda zai bi shi. Mahaifin Bilyaminu na zaune a gefe bisa buhu.

Aka fara da Abdulaziz. Yana alwala wani daga cikin taron ya ce, "Ka kurkure bakin da kyau dai, ɗan samari." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya goge hannu a wando, ya dafa, ya rantse, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Sauran ukun suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kamar masu karɓar kati a asibiti. Warin ruɓaɓɓiyar albasar da ke jibge a bayanmu, wanda na saba da shi tun ina goye, ranar nan sai da na toshe hanci da mayafi.

Sai aka kira Kawu. Ya yi alwala a natse, ya zo ya durƙusa gaban liman, ya ajiye hannuwansa bisa gwiwoyinsa.

"Allah gafarta Malam, ni ba ni ɗora hannu."

Bashar ya matso. "Mi kac ce, Baba Mode?"

"Na ce ba ni rantsuwa."

Kawu ya juyo da jikinsa duka ya fuskanci mutane. Ya ce kowa a nan ya san marigayi Alhaji Kamilu, dillalin da ya yi wa dako shekara da shekaru, wanda kullum da safe yake ajiye tukunyar kunun tsamiya a ƙofar rumfarsa, 'yan dakonsa su sha kyauta. Har a wa'azi an taɓa buga misali da kunun nan.

"Da za shi cikawa, yas sa anka kirawo mu, mu bakwai da munka yi mashi aiki. Yac ce mu yahe mashi. Yac ce duk ranar da motoci sunka yi yawa, ƙwaya shika dakawa shi zuba cikin kunun, don kada mu gaji. Munka yahe. Ni kau nat tambaye shi, Alhaji, ranar da nik kahwa turke hwa? Yad daɗe shina kallona, yac ce wallahi bai tuna ba."

Goggo, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban maza ba, ta ce, "Ni nid dama maka hura da sahe ran nan. Da hannuna."

"Kin dama, na sha," in ji shi, bai ko dubi inda muke ba. "Da nib biyo rumhwa kuma nas sha kunu ludayi biyu, awa kullum."

Liman ya sunkuyo ya yi masa magana a hankali, amma mun ji. Ya ce abin da mutum bai sani ba Allah ba ya kama shi da shi, yana iya rantsewa cewa bai sha komai da saninsa ba, kuma gaskiya ya faɗa.

"Malam, ba don abin da nas sani anka kahwa icen ga ba. Don inda ƙahwata tak kai ne. In ita kaɗai tak kai ni, ban sani ba. In an taimake ta, ban sani ba. Bisa wanne zan dahwa?"

Ban da Kawu, biyu daga cikin mutum bakwai ɗin da suka je gaban Alhaji Kamilu suna nan da rai, kuma suna zaune a wurin. Ɗaya ya duƙar da kai yana wasa da carbi, ɗayan ya tashi wai zai kama ruwa. Ko ɗayansu bai mara masa baya ba.

Bashar kuwa har fuskarsa ta washe. Dama yana neman turke ko ɗaya da zai tuge, ya nuna wa manya da mahaifin Bilyaminu cewa ƙungiya ta yi wani abu. Ya ce, "To, jama'a, kun dai ji da bakinai. Doka ba ta san tsoho ba."

Aka ɗunguma zuwa hanyar Shagari da diga da shebur. Turken ya ƙi fita. Shekara talatin ƙasa ta riƙe shi, sai da suka haƙa rami har gwiwa. Abdulaziz na cikin masu haƙar, shi ne ma ya rungume shi ya girgiza ya zaro. Wani ya ce, "Ashe tsohon ma ɗan hannu ne," aka sake yin dariya. Mahaifin Bilyaminu bai bi su ba. Ya kakkaɓe rigarsa ya nufi tasha.

Goggo ta ratsa maza ta karɓe turken daga hannun Abdulaziz. A kanta ta ɗauko shi har mota.

Kafin sati ya zagayo, magana ta gama Sifawa. A bakin famfo wata ta ce da ni, wai ashe ƙarfin gidanmu na kanti ne. Na dawo da bokitina ba ruwa. Ba zan ɓoye ba, har Kawu na ji haushi. Na same shi bayan la'asar a tsakar gidansa. Ya kafa turken kusa da rumbu, ya ɗaure akuyar Goggo a jiki.

"Kawu, Malam fa ya ba ka hanya. Kalma biyu ce. Su da suka sha da gangan suna can a tsaye, kai kana nan da akuya."

"Icen kirki ne, Zulai. Ba ta tsinke shi."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma." Ya ja igiyar ya gwada ƙullin. "Shekara goma sha ɗaya ke nan da Alhaji yag gaya mani. Duk ranar da nib bi hanyar ga, sai in kau da kai, ga shi wuyan ba ya kauwa. Innarki kau ta yi ta nuna maku ta taga."

Ya san ni ce mai rubuta abubuwan gidanmu a littafi, haihuwa da rasuwa da wanda ya auri wa. Ya ce, "In za ki rubuta, ki sa da kunun. Kada ki rage."

Na sa.

Bana ma an yi gasar. An kafa sabon turke gaba da na Abdulaziz, kuma Bashar ya sa an shafa wa dukansu farin fenti. Tagar shagon bayan tasha tana nan a buɗe. Bilyaminu yana Mandera bisa tabarma, sai an juya shi. Ramin da aka haƙa ba wanda ya cike, ledoji da fankon kati sun fara taruwa a ciki.

Watan jiya muka tafi Shagari da Inna. Muna haye kwalbati ta ɗaga hannu ta taga kamar yadda ta saba, har ta buɗe baki. Sai ta mayar da hannun ta gyara ɗankwalinta. Ni kuma, da muka zo daidai fararen turakun, na tofar da yawu ta ɗaya tagar.