Akushin da Ya Dawo a Rufe

Yayana ya yi arziki a Fagge, wannan kowa ya sani, kuma tsofaffi irina sun san an yi ta surutu a kansa. Sunansa ba zan kama ba, Allah Ya jiƙansa. Abin da zan faɗa shi ne wanda ya bi ta madafina, don ni na riƙe tukunyar gidansa tun daga rasuwar mijina har kaina ya yi furfura.

Mu Barebari ne. Kakanmu ya zo daga gabas da jakunan kanwa, ya sauka a Fagge kamar yadda fatake ke sauka, bai ƙara tashi ba. Yaya da awon gyada ya fara, yana zama gindin sikeli yana saya wa wani kamfanin Turawa. Tun a nan magana ta soma. Manoma suka ce ƙafarsa ba ta nisa da sikelin in ana awo. Ni ban gani ba, mace ba ta zuwa wurin, amma na tambaye shi, ya ce bai taɓa ganin mai awon da ba a faɗa wa haka ba. Daga gyada ya shiga atamfa wajen Larabawan Kantin Kwari, daga atamfa ya sayi babbar mota mai bodin katako, sai ga wata, sai ga wata. Su tafi Ikko da gyada da fatu, su dawo da sabulu da kananzir da ashana. Da ya tafi Makka a jirgin sama, wasu suka ce wannan ba hajji ba ne, tunda dugadugansa ba su tsage a hanya ba. Duk wannan bai dame shi ba, ni ma bai hana ni barci ba.

Abin da ya dame mu ya zo ne 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, a farkon wata damina.

A lokacin, attajiri ba a motocinsa ake gane shi ba, a akusan da ke fita daga gidansa ne. Kullum bayan la'asar sai mu tuƙa tuwon dawa, miyar kuka da nama, a malala man shanu, in rufe kowane akushi da faifai. Na Malam liman daban, na ladan daban, na tsofaffin unguwa, na baƙin da ke zaure. Kowane akushi na san shi da tabonsa. Da safe su dawo a wanke, wani da goro a ciki, wani da ɗan dabino.

Ran nan akushin Malam ya dawo da nauyinsa. Faifan yana nan yadda na ɗora shi, man shanun ya daskare a kan malmala, ko yatsa ba a sa ba. Na ce ko ba shi da lafiya. Washegari haka. Sai na ladan ya biyo baya, sai na tsohon da ke yashe mana rijiya, mutumin da ko ƙanzo ba ya bari. Wanda bai taɓa riƙe muciya ba ba zai san yadda wannan yake ba. Tuwona ne, ni da matan wasu unguwanni ke aikowa in zo in tsaya musu a kan tukunyar suna.

Matar Yaya ce ta raɗa mini, muna tsintar wake. Ta ce ana cewa motocin Alhaji giya suke ɗaukowa daga kudu suna saukewa a Sabon Gari.

Da safe na same shi yana shan koko. Na gaishe shi, na zauna.

"Yaya, me motocinka ke saukewa a Sabon Gari?"

"Ruwan kwalba," in ji shi, bai ɗago ba.

"Wane irin ruwan kwalba?"

"Ke dai kin cika tambaya. Kayan kamfani ne, a akwatuna suke zuwa. Ni mota na ba su, ban buɗe kanti ba. Tuwon da ya dawo ki ba baƙi. Wanda ya ji yunwa zai karɓa."

Haka ya ce, amma ina da ido. Da, in an idar da magariba, yakan daɗe a ƙofar masallaci ana hira. Yanzu da an sallame sai in ji takun takalminsa a zaure.

Ina da sana'ata tun da na dawo gidan: man gyada da ƙuliƙuli. Da 'yan tumakin da na gada wajen mijina na kafa ta, babu hannun kowa a ciki. Kwalaben da nake zuba man daga garejin Yaya nake sa a kwaso mini, koraye, masu kauri, girmansu ɗaya, mai saye ba ya gardama. Babbar mai sayen maina wata 'yar Ibo ce mai sayar da abinci a Sabon Gari, mijinta makaniki ne a garejin. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙawata. Hausarta ta Sabon Gari ce, namiji ma "ke" take ce masa, amma ba ta ɓoye magana. Na jera kwalabe a kwando, na yafa mayafi, na tsallaka titi.

Sai da ta ɗaga kowace kwalba ta duba a hasken rana, kamar kullum, sannan na ce, "Madam, tsakaninki da Allah, mene ne ruwan kwalba?"

Ta yi dariya har ta dafa tebur. "Iri biyu ne. Akwai lemo na yara. Akwai kuma wanda ke sa mijina ya rera waƙar coci ranar Laraba."

"Wanne motocinmu ke kawowa?"

Ta ja hannuna zuwa bayan rumfarta, inda otal ɗin maƙwabcinta ke jibge akwatunan da aka shanye. Ta zaro kwalba ɗaya ta miƙo mini. Koriya, mai kauri. Ba sai an karanta mini takardar jikinta ba, hannuna ya san ta. Warin ne kawai ban sani ba, don kafin su iso wurina ruwan sama ya riga ya ɗauraye su a bayan gareji.

"Ƙawata, shekara da shekaru kina kawo mini mai a kwalbar giya. Na zaci kin sani!"

"Innalillahi! Madam, har gidan liman nake aika su."

Wannan karon sai da dariya ta zaunar da ita a ƙasa. Da ta gama share hawaye ta ce, "Ki bar Alhajinku ya huta. In ya daina ɗauka, gobe wani zai ɗauka. Giya ba ta rasa mota. Kuma bakuna da yawa suna ci a garejin nan, har da na gidana."

Gaskiya ta faɗa, na kuma taho da ita a raina. Amma ba gida na nufa ba, gidan Malam na wuce.

Malam Bafulatani ne, abokin mahaifinmu. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗaya bawansa ne, don haka abin da ko mai unguwa ba zai iya faɗa masa ba, ni zan faɗa a yi dariya. Na shiga na gaida matarsa, ta shimfiɗa mini tabarma a soro, ya fito da carbinsa.

"A'a, yau baiwata ta tuna da ubangidanta?"

"Allah gafarta Malam, bawan gidanmu dai. Ɗan Fulanin da ya tashi da nono mai tsami shi ne yau yake mayar mini da tuwo?"

Ya yi dariya, sannan ya zauna, fuskarsa ta koma daidai. Ya ce, "Tuwonki ba shi da laifi, 'yata. Na yi wa ɗan'uwanki magana a keɓe, ba sau ɗaya ba. Mai ɗaukar abin nan yana da nasa rabon laifin, ya kuma sani. Ba zan tsaya a masallaci in tona ɗan abokina ba. Akushin nan shi kaɗai ya rage mini da zan yi masa magana da shi."

Na ba shi labarin kwalabe. Ya ce, "Kina wankewa?" Na ce da toka da ruwan zafi, har sai sun yi ƙara. Ya ce, "To, kwalba ta tsarkaka. Kada ki fasa aiko man, uwargida ba ta yarda da na kowa ba."

Na gyara zama. Can na ce, "In da kuɗin maina na sayi dawar na tuƙa fa?"

"Dawarki, itacenki?"

"Har ruwan, ni zan sallami ɗan garuwa."

"Zan ci, har in aiko a ƙaro. Ai aikin baiwa ke nan."

Ban yi abin a ɓoye ba. Na je na ce, "Yaya, zan kafa murhu na biyu." Ya ce, "A gidana?" Na ce, "A gidan ubanmu." Ya dube ni ya dube ni, ya ce in yi, zai ga inda man gyada zai kai ni.

Haka aka koma tukunya biyu a madafi ɗaya. Babbar, ta Yaya, da namanta da man shanunta, ta koma ta direbobi da baƙin zaure. Ƙaramar tawa, kuka da daddawa kawai, malmalar ma ta ragu, ita ke zagaya unguwa. Akusa suka fita, suka dawo a wanke. Ban yi shela ba, amma Fagge ba ta buƙatar shela. Kafin gero ya fid da kai, har a Kantin Kwari ana cewa maƙwabtan Alhaji mai motoci tuwon ƙanwarsa bazawara suke ci. Na san wannan ya fi masa ciwo a kan akushin da ke dawowa a rufe. Ni ma ba daɗi nake ji ba. Na kai tunkiya kasuwa, na sake kai wata, asuba ta riƙa samuna a kan turmi. Kullum sai in ce ko yau zai yi magana, shi kuma ya wuce ni da "sannu da aiki" kamar wata baƙuwa.

Sai da kaka ta kusa. Wata rana bayan magariba sai ga shi a madafi, wurin da rabonsa da shiga tun yana yaro. Ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kan turmin da aka kife.

"Ni daga wacce tukunya kike zuba mini?"

"Daga taka, Yaya."

"Ke fa?"

"Daga tawa."

"Yarana fa?"

Na sunkuya ina iza itace. Tun da jimawa matarsa ke zuwa da kwanonta wajen ƙaramar tukunya, ta ɗebar musu, ta ɗebar wa kanta, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba. Ya gane. Ya daɗe yana kallon wuta.

"Zubo mini naki in ji."

Na zuba. Ya ci loma biyu, ya laluba miyar da yatsa. "Ba nama."

"Mai man gyada ba ta yanka rago, Alhaji."

Ya cinye, ya wanke hannu, ya fita.

Cikin makon ya je ya gaya wa Baturen kamfani motocinsa ba za su ƙara ɗaukar wancan kayan ba. Bature ya ce ba a zaɓar kaya, ya kwashe duka, har sabulun da ashanar, ya ba wani. Yaya ya sayar da wasu motocin, ya koma safarar goro da shanu, aka yi shekaru ana ɗan matsi kafin ya sake miƙewa. Mijin Madam sai da ya nemi aiki a wani garejin. Madam ta wanke ni tas a gaban masu cin abincinta, ta ce ni ce Babarbariyar da ta fi Bature mulki, sannan ta ɗaga kwalabena ta duba a rana ta saya. Giya kuwa ba ta fasa zuwa Sabon Gari ba ko na kwana ɗaya. Masu surutu ma ba su huta ba, sai suka koma cewa don yana son kujerar majalisa ya yi. Ladan har ya rasu bai ƙara karɓar tuwon gidanmu ba sai in an rantse masa da dawata aka tuƙa shi.

Ranar da na rushe ƙaramin murhu, daga babbar tukunya na zuba wa Malam, na aika a gaya masa daga inda ya fito. Da safe akushi ya dawo ba nauyi, da goro fari a ciki da saƙo: a gaya wa Babarbariya naman ya yi tauri, shi haƙoransa sun ƙare. Daga ranar hanta nake ware masa.