Ramukan Rariyar Kabiru

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanena Kabiru makwancinsa a Dutsin-Ma. Injiniya ne mai zana injina a kwamfuta, kuma duk kaka, da na ji ƙarar injin sussuka sai in tuna wata tafiya da muka yi tare.

Manoman Kurfi ne suka roƙe shi ya zana musu injin sussukar gero. Ya zana komai, har noti da ƙusa. Da ya zo gwada ƙarfin injin a kwamfuta, sai ta tsaya cik, zanen ya yi mata nauyi. Nan ya nuna mini dabarar. Manhajar zanen tana da wata matatar ramuka: ka ce ta nemo duk ramin da bai kai kan ɗan yatsa ba, su haska ja, ka kawar da su gaba ɗaya, zanen ya yi sauƙi. Na ga ana haka a Faransa da Jidda, amma can manyan ƙarafa suke zanawa, ƙaramin rami bai dame su ba. Injin Kabiru kuwa rariya ce zuciyarsa, ramukanta daidai ƙwayar gero. Matatar ta kwashe su kaf. Bai damu ba, tunda kwafin gwaji ne, cikakken zanen yana gefe.

Ranar kasuwar Kurfi muna dawowa, ina tuƙi, sai na ga ya ƙura wa wayarsa ido.

"Yaya, na gwajin na tura Kano."

A ranar mai yankan ƙarfe a can Kano zai yanka rariyar, ya naɗe. Falle ɗaya manoman suka iya saye, gero kuma yana jibge a gonaki. In aka naɗe ƙarfen babu ramuka, ba ya komawa kan injin huji. Ga shi babu sabis a hanya. Na taka mota yadda ban saba ba, shi kuma ya miƙa waya ta taga yana ta kira, bakinsa na motsi da addu'a. Sai dab da Dutsin-Ma kiran ya shiga.

"Malam Ilu, kun yanka?"

"Mun yanka, Injiniya, yanzu za a ɗora a naɗi. Wai rariya ce ko tiren shayi?"

"Don Allah a sauke shi. Ga wani zanen nan tafe."

Nan take ya tura cikakken zanen. Tun daga ranar, kafin ya taɓa matatar ramukan sai ya shafa wa kwafin gwaji launin kore, don kada ya sake kama da na gaske.

Yau 'yarsa Hadiza ke wannan aiki, kuma ta ce manhajar yanzu da kanta take zaɓar abin da za ta cire. Ina jin da yana raye zai yaba saurin, sannan ya tambaya ko ta taɓa ganin gero. Na leƙa kwamfutar Hadiza kwanan baya, na tarar da zane kore shar.

Injin nan yana Kurfi har yanzu. An canza masa bel, an sake fenti, amma rariyar ita ce dai, gero na zuba ta cikinta. Allah Ya jiƙan Kabiru.