Ɗakin da na yi wankan jego

Ban wuce shekara goma ba aka kawo ni Kiru daga Doguwa, bayan rasuwar mahaifiyata, tun Turawa ba su tafi ba. Gwaggona ta riƙe ni. Ba ta cuce ni ba, amma mace ce mai tsadar magana. Wadda ta buɗe min baki 'yar maƙwabtanmu ce, wata siririya mai surutun tsiya.

Tare ake tura mu korar tsuntsaye a gonar gero. Muna kan rumfa sai ta ɓarke da tatsuniya da rana tsaka. Na ce ai mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Ta ce, "Ke da aka tsinto daga Doguwa, wace ɓacewa ta rage miki?" Tatsuniyar ma tamu ce muka ƙaga: 'yan mata biyu marasa dangi suna yawo a bayan wata ƙatuwar shamuwa, duk garin aljanun da suka sauka sai sun yi uwa a can. Muna ƙara mata, tsuntsaye na cin rabonsu. Mun sha faɗa. In mun tashi gidansu muke wucewa, innarta ta zuba mana tuwo a akushi ɗaya.

Aka yi min aure a Tudun Wada. A al'ada, in cikin fari ya tsufa, yarinya gaban uwarta take komawa ta haihu, ta yi wankan jego. Gwaggo ta rasu, mahaifina yana fatauci can Kurmi. Tsoro ya cika ni, don ban san wanda zai dafa min ruwa ba.

Wata ranar kasuwa sai ga innar ƙawata da jaki. Ta gaida surukata, ta ce, "Na zo tafiya da yarinyar nan."

Surukata ta ce, "Baiwar Allah, yaya kuke da ita?"

"Itacen wankanta na can na tara tun da kaka."

A ɗakin innar ƙawata na haihu, namiji. Har lokacin, taimako kawai na ɗauki abin, ina ta zuba godiya kamar baƙuwa. Da aka miƙa mata jaririn, ta dube shi, ta taɓe baki, ta ce, "Wannan mummunan ne mijin nawa? Ko gona ba shi da ita. Na fasa."

A wajenmu kaka ce kaɗai ke yi wa yaro wannan wasa. Na juya fuskata bango na yi ta kuka, ƙawata na zungurina wai in daina ba su kunya. Allah Ya jiƙan Inna.