Tuɓe Malam Habu Aka Yi, Ba Murabus Ya Yi Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habu, mai shagon shadda a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon. Da ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta Lyon ba ta aiko min da saƙo makon jiya ba, da addu'a kawai zan yi masa a ɗakina a can garin Montreuil, in ja bakina. Za su buga littafin tarihin ƙungiya, suna neman hotonsa. A gaban sunansa sun rubuta: "Ya yi murabus."

Baba ya zo Lyon daga Damagaram don karatun tarihi. Bai kammala ba ya faɗa kasuwa, amma sarakunan Ingila na shekara ɗari shida da suka wuce ba su sake shi ba. Littattafansu na ƙarƙashin kanta, tsakanin turamen shadda. Abokansa na tsokanarsa, wai ya rasa sarakunan da zai haddace sai na ƙasar da ko biza ba ta taɓa ba shi ba. Shi kuwa ya ce mutanen nan sun fi shekara ɗari suna yaƙi a ƙasar da muke zaune, ai maƙwabta ne.

Labarin da ya fi ƙosar da mu da shi a kan tuwo na sarakuna biyu ne da manyan ƙasa suka kama. Manyan na da sojoji, suna da majalisa, amma duk da haka sai sun je wurin sarki a tsare, sun matsa masa ya ce da kansa ya sauka. Na biyun har aka rubuta wai da fara'a ya miƙa mulki. Babu wanda ya yi shekara a cikinsu bai mutu a tsare ba. Abin da ke ba Baba mamaki, manyan ba su ji tsoron aikin ba, sai dai ba sa son a kira shi da sunansa.

Yana shugaban ƙungiya, ya ce 'yan Cadi da 'yan Kamaru masu jin Hausa, da muke sahu ɗaya a masallaci, su ma a ba su ƙuri'a. Dattawa suka ce ƙungiya ta 'yan Nijar ce. Su huɗu suka zo shago bayan la'asar, ina linke shadda, da takarda cewa ya sauka saboda rashin lafiya.

Alhaji Mamman, abokinsa tun ƙuruciya, ya ce, "Malam, sa hannu kawai, mu rufa ma juna asiri."

Baba ya ce, "Alhaji, lahiyata lau. Ku tara mutane ku tuɓe ni, ku rubuta dalili. Wannan takarda na san ta, ta girme ku da shekara ɗari shida."

Suka tara mutane, suka tuɓe shi. Abin ya yi masa ciwo, na gani, don wasu har ya rasu ba su sake taka shagonsa ba. Amma duk taro sai ya je ya zauna a kujerar baya.

Yau shugaban ƙungiyar ɗan Cadi ne, ma'ajinta ɗan Garwa. Da Baba na nan, na san dariya zai yi har sai hularsa ta karkace, sannan ya nemi ganin littafin nan. A nan dariyar za ta tsaya.

Alhaji Mamman ya kira ni jiya. Ya ce, "Ɗiyata, murabus ya fi daɗin ji, don mutuncinshi muka sa." Ina ganin girmansa, kuma na san tsufa ya sa yana son a manta. Ni ban yarda ba.

Shagon ya koma na gyaran waya. Littattafan na ɗakina, rabinsu ban iya karantawa ba. Abin da Baba ya bar min da gaske shi ne layin sa hannun nan na ƙasan takardar murabus, wanda babu komai a kansa. Alhaji, kai ka riƙe ta ranar, ka san haka. Ku rubuta "an tuɓe shi," ku rubuta dalili, in hau jirgin ƙasa in kawo muku hoton da hannuna.